Bakin Turawa Kan Ƙawance da Zumunci

Zancenmu na wannan mako a kan Turanci ne, watau irin maganganun nan da Turawa ke yi game da abota da zumunci da aure, waɗanda in mutum ya bi su kalma-kalma sai su kai shi su baro. Kowane harshe yana da irin nasa. Mu in mun ce wance tana da dogon hannu, ba mai ɗauko magwaji ya auna, kowa ya san sai a ɓoye kaya. In kuwa muka ce ta ci amana, Baturen da ke koyon Hausa yana iya tambaya ko da wace miya ta ci. To, yadda namu ke ruɗa shi, haka nasa ke ruɗa mu.

Kada uwargida ta ce ina ruwanta. A da, mu mutanen Kusasu da sauran ƙauyukan da ke bakin dajin Birnin Gwari, Turanci a aji yake tsayawa, in an tashi makaranta an baro shi can. Yanzu kuwa ya biyo mu har cikin ɗaki, yana cikin wayar da ke ƙarƙashin matashin 'yarki. 'Yar makaranta kuma ta san ba ta shiga jami'a sai ta ci Turanci a jarrabawar WAEC ko NECO, a cikin takardar kuwa akwai wurin da ake kawo irin waɗannan maganganu a ce ta zaɓi ma'anarsu. Har wa yau, a watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilimi, Tunji Alausa, ya ba da sanarwa an soke tsarin nan na 2022 na koyar da yaran firamare da harshen uwa, an koma Turanci tun daga ajin farko. Ina da abin cewa a kan wannan, amma ba yau ba.

Mu fara da ita kalmar “friend” kanta, gama nan ne tushen rikicin. Bahaushe ya rarraba abin. Namiji yana da aboki, mace tana da ƙawa. In ƙawance ya yi zurfi har ana ba juna asiri, ta zama aminiya. Akwai ƙanwar rana, watau yarinyar da babbar mace ta ɗauka tana yi mata kitso da 'yan kyaututtuka, ita kuwa tana yi mata aike. Akwai abokin wasa, kamar ɗan mace da ɗan namiji, ko Fulani da Barebari. Akwai abokiyar zama, sunan da muke sakaya kishiya da shi don a zauna lafiya. Bature kuwa kusan kome cikin “friend” yake zubawa, mace ko namiji, sanin jiya ko na shekara talatin.

Wannan ya taɓa ba wata Baturiya wahala nan kusa da mu. Mary Smith ta zauna da wata tsohuwa Bahaushiya, Baba ta Karo, a Giwa da Zariya daga 1949 zuwa 1950, tana rubuta labarin rayuwarta daga bakinta, aka buga shi da Turanci a Landan a 1954. Da ta zo kan ƙawa, sai ta ga “friend” ta yi wa abin kaɗan. Domin ƙawancen da Baba ke faɗi ƙulla shi ake yi, da kyauta da ramuwa. In bikin ɗaya ya tashi ɗayar ta kawo gudummawa, ran nata bikin a mayar mata da abin da ya fi. Sai Baturiyar ta riƙa barin kalmar ƙawa yadda take a tsakiyar Turancinta. Saboda haka ke 'yar makaranta, in kin ga Turawa sun tara karin magana da yawa kan abota, wani ɓangare na dalilin shi ne kalmarsu guda ce, sai sun yi mata ƙari kafin a gane wace irin abota ake nufi.

Wanda na fi so duka shi ne “through thick and thin”. Na sha ganin yara sun fassara shi da cewa ko kin yi ƙiba ko kin rame, don sun san “thick” kauri ne, “thin” kuwa siriri. Ba su yi nisa da gaskiya ba, amma asalin maganar daga daji ta fito. A zamanin da, ƙasar Ingila tana da dazuzzuka, matafiyi wani lokaci ya faɗa sarƙaƙiya inda itatuwa suka yi kauri, wani lokaci ya fita inda suka yi jefi-jefi. Maganar tsohuwa ce ƙwarai, har mawaƙinsu Geoffrey Chaucer, wanda ya rasu a 1400, ya yi amfani da ita wajen ba da labarin wani doki da ya kuɓuce ya yi ta gudu bai zaɓi hanya ba. Daga baya aka mai da ita kan mutumin da ya bi ki ko'ina, da inda ƙaya ke yage zane da inda tafiya ke da daɗi.

To, mu da ke zaune kusa da dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936, aka mai da shi gandun daji na ƙasa a 1999, ba sai malami ya yi mana dogon bayani ba. Shekarun nan da 'yan bindiga suka addabi ƙasarmu, mata nawa suka kwana cikin daji da goyo? Wadda ta ɗauki ɗan maƙwabciyarta a kafaɗa alhali tana goye da nata, wadda ta raba ɗan garin da ta fito da shi gida biyu, wadda ta buɗe ɗakinta a cikin gari ta sauki iyalin da ba danginta ba, ita ce ake faɗa wa wannan magana. Ki ce, “She stood by me through thick and thin.” Da Hausa, ta tsaya mini da daɗi ba daɗi, ana ruwa ana iska. In kina da irin wannan mace guda ɗaya, kin san ma'anar fiye da ɗan Landan da bai taɓa taka ƙaya ba.

Kishiyar wannan ita ce “fair-weather friend”, ƙawar da ba a ganinta sai sama ta yi garau. Nan sai ki lura da bambancin ƙasa. Bature ruwa ya ishe shi, rana yake marmari, har in zai yi tanadi don ranar wahala sai ya ce yana ajiya “for a rainy day”, don ranar ruwa. Mu kuwa ranar ruwa ranar murna ce, in sama ta yi garau cikin damina manomi kuka yake yi. Da ni za a ba in raɗa wa wannan ƙawa suna da Hausa, da sai in ce ƙawar kaka: rumbu cike tana nan kullum da sallama, watan takwas ya kama hatsi ya ƙare, ko ƙurarta ba ki gani.

Akwai kuma “a friend in need is a friend indeed”, wanda yara ke faɗuwa a kansa kowace shekara. Suna ɗauka ana nufin ƙawa mai bukata ita ce ƙawar gaskiya, watau mai yawan roƙo. A'a, bukatar taki ce. Wadda ta zo lokacin da ke kike cikin bukata, ita ake yabo. “A shoulder to cry on”, kafaɗar da za ki jingina ki yi kuka, shi ne namu na abokin kuka shi ake gaya wa mutuwa. “Birds of a feather flock together” kuwa, sai hali ya zo ɗaya ake abota. In an ce mata biyu “as thick as thieves” suke, kada ki kai ƙara wurin mai unguwa, ba a ce sun yi sata ba. Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, ba a jin kansu.

Waɗanda suka fi wuyar kamawa su ne masu kama da namu. Ɗauki “see eye to eye”. Bahaushiya in ta ji, sai ta ce ido da ido, watau an gamu an ga juna. Abin mamaki, a can asali haka take nufi, domin ta fito ne daga littafin Ishaya cikin fassarar Baibul ta Turanci ta 1611. Amma yau in Bature ya faɗe ta, yana nufin ra'ayi ya zo ɗaya, bakinsu ɗaya. In amarya ta ce ita da uwar mijinta “do not see eye to eye”, ke sai ki yaba da kunyarta, ki ce yarinyar kirki ba ta haɗa ido da surukarta, alhali ita cewa take yi ba sa jituwa.

“Tie the knot” kuwa, ƙulla ƙulli, ya yi kusa da namu har ya ba ni dariya, gama ɗaurin aure ne. Mu ma da igiya muke kwatanta aure, har muna ƙirga ta uku. Sai dai ki duba wanda ke ɗaurin. A Turanci ango da amarya su ne ke ƙullawa da kansu, “they tied the knot”. A Hausa kuwa ɗaura musu ake yi, waliyyai da shaidu a zaure ko a masallaci, amarya tana can cikin gida ƙarƙashin mayafi. Wanda ya ce yana son ku ƙulla ku biyu kawai, ba da sanin kowa ba, Turancinsa daidai ne, amma ba auren garinmu yake faɗi ba. Kan dangi kuma suna cewa “blood is thicker than water”, har wasunmu sun ara suna cewa jini ya fi ruwa kauri. Ni dai na fi son namu na gado, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, domin ya yarda cewa hannun yana iya ruɓewa.

Zo mu zo ga faɗa, tun da zo mu zauna zo mu saɓa ne. In ƙawaye sun ɓata, “they fell out”, ba daga mota suka faɗo ba. In ɗaya ta share ɗaya, ta gan ta a gidan biki ta ɗauke kai, an ce ta ba ta “the cold shoulder”, kafaɗa mai sanyi. Marubucin nan na Sukotland, Walter Scott, ya sa wannan magana cikin littafi tun 1816. “Two-faced” mai fuska biyu ce, kamar yadda muke faɗi. “Stab in the back” yankan baya ne da cin amana. Aure in yana tangal-tangal sai su ce yana “on the rocks”, kan duwatsu, domin su mutanen teku ne, jirgin ruwa suke tunawa da ya hau dutse yana shirin fashewa.

Na sulhu shi ne “bury the hatchet”, binne ɗan gatari. Wannan ba na Ingila ba ne, aro suka yi daga mutanen asali na Amurka ta Arewa, waɗanda in sun gama yaƙi sukan haƙa rami su binne makamai a gaban jama'a. A 1680 wani Bature, Samuel Sewall, ya rubuta labarin wani sulhu da aka yi a garin Albany tsakanin Turawa da ƙabilar Mohawk, inda aka binne gatari biyu, ɗaya na waɗannan ɗaya na waɗancan. Ku lura, biyu ne, ba ɗaya ba. A ƙarshen Nuwamba na 2024, da Gwamna Uba Sani ya zo Birnin Gwari aka yi zaman sulhu da waɗanda suka ce sun ajiye makamai, aka sake buɗe kasuwar shanu bayan ta yi shekaru a rufe, irin ranar ke nan da Bature zai jawo wannan magana. Amma galibi a kan ƙananan abubuwa ake faɗinta, kamar kishiyoyi biyu da suka yi wata uku ba sa gaisawa saboda tukunya. Abin da na ga ya rage wa maganar shi ne, abin da aka binne yana nan inda aka binne shi. Mu kuwa mun san labarin kazar da garin tone-tone ta tono wuƙar yanka ta.

Yanzu ga inda nake so uwaye su kasa kunne sosai, 'yan mata kuma su gafarce ni, zan faɗi abin da kunya kan hana a faɗa. Akwai maganganun da kalmominsu ba su da laifi ko kaɗan, amma ma'anarsu tana iya zubar da mutuncin yarinya ba ta sani ba.

Yarinya ta je gidan ƙawarta ta kwana. Washegari ta rubuta “I slept with my friend”. A zuciyarta ta faɗi gaskiya tsab. A kunnen mai jin Turanci kuwa ta ce sun yi abin da miji da mata ke yi, tun da “friend” ba ta nuna mace ce ko namiji ba. Abin da ya kamata ta ce shi ne “I spent the night at my friend's house.” Haka “boyfriend” saurayi ne, ba ɗan ajinku ba, ko da yaro ne kuma kuna shiri. “Girlfriend” a bakin namiji budurwa ce. Matan Amurka sukan kira ƙawayensu haka, amma ke ki bar musu, ki ce “my friend” ya isa. “I am going out with him” ba fita ƙofar gida ba ne, soyayya ce ake yi. “She is seeing someone” ba gani da ido ba ne, tana da wanda take nema ko yake nemanta.

Sa'an nan akwai waɗanda da gangan ake jefa wa yarinya, don an san ba za ta gane ba. In wani ya rubuto yana so ku zama “friends with benefits”, yarinya ta duba ƙamus ta ga “benefit” amfani ne, sai ta zaci katin waya ne da taimakon kuɗin makaranta. Abin da yake nufi shi ne tarayyar banza ba aure, ba alkawarin aure, ba ma zancen so. Da Hausa ba mai iya tsayawa gaban 'yar mutane ya faɗi wannan, shi ya sa yake laɓewa bayan Turanci. “Sugar daddy” ba baba mai sayar da sukari ba ne, dattijon banza ne mai kashe wa yarinya kuɗi don ya lalata ta. “Hook up” a biranen Nijeriya ya zama sunan karuwanci. In an ce miki akwai aiki a Kaduna ko Abuja, kika ji wannan kalma cikin zancen, ki tsaya inda kike. Shi kuwa wanda ya yi shekara yana zuwa zance, aka ce ya turo magabata, ya ce ai ku “just friends” ne, ya sallame ki ke nan, da ladabi irin nasu.

Akwai kuma inda muke ɗaukar abu da nauyi alhali ba shi da nauyi. “Dear” ba alkawari ba ne. Bature yana rubuta “Dear Sir” ga manajan bankin da ke binsa bashi. Baturiya takan rufe wasiƙa da “love” ga gwaggonta da ƙawarta da maƙwabciya. Saboda haka “my dear” guda ɗaya a waya bai isa a fara tara kayan ɗaki ba. Uwargida kuma, in kin ga irin wannan a wayar 'yarki, kada ki fara da duka, kada kuma ki kai wa yaran unguwa su karanta miki, gobe a ji zancen a bakin rijiya. Ki nemi malama mace da kika amince da ita, ku zauna ku uku.

Tun da aka kafa Facebook a 2004 kalmar “friend” ta ƙara araha. Mutum ɗaya yana iya tara har 5,000, da danna yatsa ake ƙullawa, da danna yatsa ake kwancewa, har a 2009 wani babban ƙamus na Oxford a Amurka ya zaɓi “unfriend”, watau cire mutum daga abota, ta zama kalmar shekara. Wani masani ɗan Ingila, Robin Dunbar, ya yi lissafi ya ce mutanen da ɗan Adam ke iya riƙewa da sani na gaske ba su wuce wajen 150 ba, na cikin zuciya kuwa wajen 5 ne. Kakata ba ta yi boko ba, amma da an tambaye ta aminanta, yatsun hannu ɗaya za ta ɗaga.

Turawa in za su rabu sukan ce “keep in touch”, a riƙa taɓa juna, watau kada a yi shiru. In an daɗe ba labari sai su ce “we lost touch”. Mu muna cewa zumunci a ƙafa yake. To, mun ga lokacin da ƙafar ta gagara, hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari ta zama sai da addu'a ake binta. A ƙarshen 2021 kuma gwamnati ta rufe layukan waya a yankinmu kusan wata biyu, taɓawar ma ta gagara. Duk da haka mata ba su rasa dabara ba, ana ba direba saƙon baki da ɗan ƙullin daddawa ya kai. Ƙawayen da aka yi wasan gaɗa tare, yau wata tana Kaduna, wata Funtuwa, wata Zariya, wata Minna.

Kan irin wannan rabuwa su kansu Turawa bakinsu bai zo ɗaya ba. Suna da “out of sight, out of mind”, wanda ido bai gani ba zuciya ta manta da shi. Suna kuma da “absence makes the heart grow fonder”, rashin gani yana ƙara bege. A jarrabawa duka biyun suna fitowa, sai ki riƙe kowanne da ma'anarsa. In kuwa za ki rubuta wa ƙawarki da ta yi ƙaura, kina so ki gwada Turancinki, ki fara da gaisuwa da Hausa yadda aka saba, ki tambayi mutanen gida ɗaya-ɗaya, sa'an nan a ƙasa ki sa mata “drop me a line”. Ba igiya kike roƙo ta jefo miki ba, cewa kike yi ta rubuto ko da layi ɗaya ne.